Malam, Ai Ko Nafisa Ta Bar Wasa

Yau kusan shekara 20 ke nan muna riƙe da alli a makarantun sakandare na tsakanin Tambuwal da Kebbe, kuma duk makarantar da aka kai mu, ƙungiyar wasan kwaikwayo ce kayan da ake fara ɗora mana, domin kuwa aiki ne wanda ba shi da alawus, ga cin lokaci, ga kuma surutun iyaye. Mu dai ba mu taɓa ƙin karɓa ba, saboda a nan ne muke ganin yaron da ba ya iya buɗe baki a aji ya tashi ya zama alƙali ko sarkin fawa, har ya sa jama'a dariya. To, a cikin wannan aiki ne wata ɗalibarmu ta jefe mu da wata magana wadda har yau ba ta bar ci mana rai ba, ita ce kuma dalilin wannan ɗan rubutu.

Yarinyar, wadda za mu sakaya sunanta, tana aji biyar a lokacin. Ranar raba kyaututtuka ta ƙarshen shekara muka shirya wasan Uwar Gulma na Alhaji Mohammed Sada, ita kuma ta fito a matsayin Halima. Mun sha ganin yara sun hardace magana, sun zo sun zubar da ita kamar karatun allo, amma wannan yarinya da ta durƙusa tana kai ƙarar Hayatu, sai da muka ga matan da ke zaune a bayan rumfa suna share ido da bakin mayafi. Bayan an watse muka kira ta gefe, muka ce, "'Yata, Allah Ya yi miki baiwa. In kika dage da karatu, akwai sashen koyon wasan kwaikwayo a jami'ar Zariya da ta Jos, kina iya zuwa ki yi digiri a kansa." Ta sunkuyar da kai tana wasa da gefen hijabinta, can sai ta ce, "Malam, ai ko Nafisa ta bar wasa. Mi za a samu cikinai? Ni so nike in yi suna, in riƙa sai da kayan kwalliya awa ita."

Ga wanda bai san wadda ake nufi ba, Nafisa Abdullahi ce, haifaffiyar Jos a 1991, wadda tauraronta ya fara haskawa a 2010 da fim ɗin Sai Wata Rana na kamfanin FKD, wato na Ali Nuhu. Ta shafe shekara 10 tana cikin sahun gaba na matan Kannywood, sannan a 2020 tashar Arewa24 ta fara nuna Labarina na Malam Aminu Saira, inda ta fito a matsayin Sumayya. A garuruwanmu, daren da ake nuna shirin nan, duk gidan da ke da tauraron ɗan'adam da janareta sai ka tarar da tsakar gida cike da matan maƙwabta, har da masu goyo. Ana cikin haka sai labari ya zo cewa Nafisa ta ajiye shirin, ta ce lokaci ya yi mata ƙaranci saboda karatu da harkokin kasuwancinta. Daga baya Fati Washa ta karɓi matsayin Sumayya. Nafisa kuwa sai aka fi ganin ta a hoto, cikin sutura iri iri, a garuruwa daban daban, tana tallar tufafi da kayan kwalliyarta. Abin da ɗalibarmu ta gani ke nan: mace ta kai ƙololuwar wasa, ta waiwaya ta duba, ta ga akwai abin da ya fi shi.

Ba za mu ɓoye muku ba, da farko haushi muka ji. Muka kai maganar ɗakin malamai, kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Wani ya ce tarbiyya ce ta lalace, wani ya ce wayar hannu ce ta raba mu da 'ya'yanmu, wata malama kuma ta ce dama mu muka ja, da muke koya wa 'yan mata tsayawa gaban maza. Sai wani dattijo a cikinmu, malamin lissafi, wanda bai cika magana ba, ya ɗago kai daga takardun da yake dubawa ya ce, "To ku da an tashi makaranta ina kuka zuwa?" Aka yi tsit. Domin kuwa kowa ya san amsa: rabinmu fadama muke nufa wajen albasa da tattasai, wani yana da shago a bakin tasha, wani kabu-kabu yake yi da babur har isha'i. Mu da ke da albashi, ko da bai taka kara ya karya ba, ba mu yarda mu dogara da alli kaɗai ba. Da wane baki za mu zargi wadda ba ta da albashi, ba ta da fansho, don ta nemi wata madogara?

Daga ranar ne muka zauna muka yi wa sana'ar 'yar wasa lissafi irin na malamin nan. Tun da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, ƙofofin da macen fim ke fita ta cikinsu sanannu ne. Ta farko ita ce aure. Mu da muka yi samartaka a zamanin kaset muna tune da yadda Sangaya ya karaɗe ƙasar nan a 1999, da yadda sunan Fati Muhammad ya shiga kowane lungu. Ba a daɗe ba ta yi aure, aka daina ganin ta. Haka Mansurah Isah ta auri Sani Danja a 2007 ta bar fitowa, ta koma aikin taimakon marasa galihu da gidauniyarta. Ƙofa ta biyu ita ce kora. A watan Oktoban 2016 ƙungiyar MOPPAN ta ba da sanarwar korar Rahama Sadau saboda fitowar da ta yi a bidiyon waƙar mawaƙi ClassiQ. Ba muna nan don mu sake shari'ar ba ne. Abin lura shi ne a wuni ɗaya ana iya rufe wa mace hanyar abincinta da takarda guda. Ƙofa ta uku kuwa ita ce tsufa, kuma ta fi sauran ban tausayi. A watan Fabrairun 2022 Hajiya Ladin Cima, wadda iyayenmu suka sani da Tambaya tun zamanin wasannin talabijin, ta shaida wa sashen Hausa na BBC cewa abin da ake sallamar ta da shi a fim bai wuce naira 2,000 zuwa 5,000 ba. Wasu manyan masu shirya fim sun fito sun musanta, suka ce su sun biya ta fiye da haka. Ko ma dai wane ne ya fi gaskiya, duk wata yarinya da ke cikin sana'ar ta ji hirar, kuma gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Daɗin daɗawa, kasuwar da ke ciyar da sana'ar ita kanta ta rushe a gaban idonmu. Da can kaset ake saye ko a yi haya, daga baya faifan CD ya zo, 'yan satar fasaha suka yi masa rubdugu. Yau a bakin kasuwar Tambuwal yaro ne zaune da kwamfuta a ƙarƙashin laima, ka ba shi 'yan canji ya tura maka fim goma a waya, kuma ko kwabo ba ya isa hannun wanda ya zuba dukiyarsa, balle wadda ta yi kuka a cikin fim ɗin. Shi ya sa masu sana'ar suka koma ga shirye-shirye masu dogon zango a Arewa24, wadda aka buɗe a 2014, da kuma YouTube, inda talla ce ke biyan kuɗi. To, in talla ce ke biya, kuma fuskar 'yar wasa ce ke jawo masu kallon tallar, ai ba sai an kai ta makaranta ba kafin ta gane cewa tana iya ɗaukar fuskarta ta kai kasuwa da kanta. Kowane manomin albasa a ƙasarmu ya san kayan da ba su jimirin ajiya, in ka tsaya jiran farashi sai ka kwashe ruɓaɓɓu. Farin jinin 'yar wasa irin wannan kaya ne.

Kuma a gaskiya ba yau 'yar fim ta fara sayar da kaya ba. Tun zamanin kaset, in fim ya yi tashe, sai ka ji an laƙaba wa wata atamfa ko wani ɗinki ko ɗaurin ɗankwali sunansa, 'yan mata su yi ta rububi kafin salla. Ɗan kasuwa ya ci riba, tela ya ci riba, ita kuwa wadda ta sa kayan a jikinta har aka gani aka yi sha'awa ta tashi a tutar babu. Abin da ya canza shi ne yanzu ta farga. Hadiza Gabon, wadda aka haifa a Libreville a 1989, ta zo ƙasar nan ta koyi Hausa har ta yi fice da ita, ta kafa gidauniyarta a 2016, a 2018 kamfanin NASCON na rukunin Ɗangote ya ɗauke ta jakadiyar sinadarin ɗanɗanon miya, daga baya kuma ta buɗe shirin hira na kanta. Rahama Sadau bayan kora ta shirya fim ɗinta Rariya a 2017, ta yi digiri a ƙasar Sayifurus. Wannan dabara ce ta wanda ya ga ruwa na shirin cin gidansa ya fara ɗaga kaya, kuma yabon gwani ya zama dole.

To amma fa, 'yan uwa, bayan mun gama ba su uzuri, akwai abin da ya rage yana damun mu, kuma a matsayinmu na malamai ba za mu iya haɗiye shi ba. Shi wasan kwaikwayo, sunansa ma ya faɗi gaskiyarsa: wasa ne, kwaikwayo ne. Tsohuwar da ta yi wa Halima hawaye a makarantarmu ta san 'yar maƙwabcinta ce, ta san in an tashi za ta tuɓe zanen aro ta koma gida. A fim ma akwai farko, akwai ƙarshe, mugu ya ga sakayya, mai kallo ya tashi da abin tunani. Amma a wannan sabuwar sana'a ta nuna yadda ake rayuwa, mace kanta take kwaikwaya, kuma ba a rubuta "ƙarshe". Ɗakin girkin da aka nuna ba hayaƙi, fuskar ba gumi, ba a ɗauke wuta, ba mai bin bashi a bakin ƙofa. Babba ya san an zaɓi abin da za a nuna ne, an share wuri, an kunna fitila, an ɗauki hoto ashirin an fitar da ɗaya. Yarinyar da ta sauke tulun ruwa a wani ƙauyen Kebbe, ta ari wayar yayanta ta duba, ita ba ta san haka ba. Kallon kitse take yi wa rogo, sannan ta juya ta dubi ɗakin uwarta da idon raini.

Mun ga inda abin ke kaiwa. A 'yan shekarun nan mun sha lura da ɗalibai mata waɗanda fuskarsu ta yi fari, gaɓoɓin yatsunsu kuwa baƙi ƙirin, wata ma har kumatunta sun ƙone sun yi jawur. In ka bincika sai ka tarar wani haɗin mai ne aka sayo a kasuwa cikin roba marar suna, da kuɗin da aka tara na tallar ƙuli-ƙuli ko awara. Ba mu ɗora wa wata 'yar wasa alhakin wannan ba, domin masu haɗa irin wannan mai daban suke. Sai dai sha'awar da ke kai yarinya gare su, a hoto take samo ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa kawo ƙiyasin cewa kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna amfani da man canza launin fata, kuma a 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa, saboda sinadarai irin su makuri da ke cikin wasu mayukan suna lalata fata da ƙoda. Wannan ba maganar Legas ko Abuja ba ce, a cikin azuzuwanmu take zaune.

Kada kuma mu ɗauka koya wa mata yadda za su zauna a duniya baƙon abu ne a ƙasar Sakkwato. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ita ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda ake naɗa wa dattijuwa malfa a kira ta jaji, ta jagoranci matan ƙauyensu zuwa wurin Nana, su koyo karatu da waƙoƙin wa'azi, su komo su koyar da na gida. Bayan su akwai gwaggo da inna da ke zaunar da amarya a lalle su karanta mata zaman aure, tun daga tuwo har zuwa turaren ɗaki. Kai, mu kanmu marubuta mun yi wannan aiki. Wanda ya karanta littattafan Hajiya Bilkisu Funtuwa, irin su Allura Cikin Ruwa, ya san yadda mata suka riƙa ɗaukar darasin ado da girki da iya magana daga cikinsu, kuma manyanmu a wannan ƙungiya suna tune da muhawarar da aka tafka a jaridu a shekarun 1990 kan abin da Ibrahim Malumfashi ya kira adabin kasuwar Kano, inda aka zargi littattafan soyayya da irin laifin da muke ɗora wa waya a yau. Saboda haka gurbin tsoho ne, masu zama cikinsa ne ke sauyawa. Bambancin da muka gani shi ne jaji da ƙafa take zuwa, ta san abin da ke cikin rumbun gidan da take yi wa nasiha, ba ta kuma da abin sayarwa.

A nan ne maganar ta dawo kanmu, mu masu alƙalami. Mu tambayi kanmu tsakani da Allah, wane irin matsayi muke rubuta wa mata? In ba budurwar da ake rigima a kanta ba, to kishiya ce mai bin bokaye, ko uwar miji mai baƙar aniya. Da mace ta haura shekara 30 sai mu ɗaura mata ɗankwalin tsofaffi, ta fito sau biyu ta sa albarka ta koma. Wace mai basira ce za ta ƙare rayuwarta a kan wannan? Alhali kuwa mun ga abin da ke faruwa in an ba su abin kirki. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, ta ba mu Rabi, matar da miji ya kora da 'ya'ya, ta tashi ta kama sana'ar abinci ta riƙe gidanta; shekara fiye da 30 ke nan ba a manta da Rabi ba, har an fassara littafin zuwa Ingilishi. Maryam Booth da aka ba ta matsayi mai nauyi a fim ɗin The Milkmaid na 2020, wanda ya taɓo bala'in 'yan tayar da ƙayar baya, sai ga ta da lambar yabo ta AMAA ta nahiyar Afirka. Ashe ba baiwa ce ta yi ƙaranci ba, labarin da zai ɗauke ta ne ba mu samar ba. Muna zaune a ƙasar da mata ke surfe da daka da kiwo da renon marayun da 'yan bindiga suka bari, amma in mun ɗauki biro sai mu tafi gidan Alhaji mai bene a Abuja, gidan da mu kanmu ba mu taɓa shiga ba. In haka ne, ai mu muka fara nuna wa yaran rayuwar da ba tasu ba, tun kafin waya ta zo.

Akwai abin da ya faru da ke ƙarfafa mana guiwa. A watan Satumban 2021, lokacin da gwamnatin jiha ta sa aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 saboda matsalar tsaro, yankinmu ya shiga ciki. Wahala ce babba ga 'yan kasuwa da masu 'yan uwa a nesa, ba ma fatan a maimaita. Amma a 'yan makonnin nan ƙungiyarmu ta wasa ta cika har ba wurin zama, kuma yaran da kansu suka ƙago wasa a kan wata mai sayar da fura da mijinta ya ci mata jari. Ba mu rubuta musu ko layi ɗaya ba. Suka yi ta gardama a kan yadda za a ƙare shi, wasu na cewa ta yafe, wasu na cewa ta kai shi gaban alƙali. Wannan ya nuna mana ƙishirwar labarin gida tana nan, mai shayarwa ne babu.

Ita kuwa ɗalibar tamu, ba ta je jami'a ba. Da muka je wa mahaifinta da maganar, ya karɓe mu da mutunci, ya sa aka kawo mana fura, sannan ya ce, "Malam, na gode da kulawa. Wasan makaranta na lamunta, amma iyakatai ke nan. Ɗiyata ba ta zama 'yar fim." Ba mu ja da shi ba, domin mun san abin da yake tsoro, kuma in da 'yarmu ce ta cikinmu ba mu da tabbacin za mu faɗi wani abu daban. Ta gama sakandare, an yi mata aure a wani gari da ke kan hanyar Jega. Yanzu turaren wuta da humra take haɗawa a ɗakinta, tana tallarsu ta waya, kuma uwargidanmu na cikin masu saye. Rannan aka kunna mana muryarta tana yabon kayanta, sai muka ji muryar Halima ce sak, da hawa da saukar da muka sha wahalar koya mata a ƙarƙashin bishiyar dogon yaro. Muka rasa ko murna za mu yi ko baƙin ciki. Tana ciyar da kanta da halaliyarta, tana taimakon mijinta, wannan abin godiya ne. Amma matan da suka share hawaye a bayan rumfa ba za su sake ganin ta ta zama wata ba.

Da sallar layya da ta wuce ta zo gaishe mu, da goyonta. Bayan an gaisa muka ɗauko sabon littafin rubutu mai shafi 80 muka miƙa mata, muka ce, "'Yata, tunda wasa ya gagara, ga wannan. Ki rubuta mana labarin innarki, tun daga ranar da aka kawo ta gidan babanki, yadda take, ba yadda ake nunawa a hoto ba." Ta yi dariya ta ce, "Malam, wa zai karanta labarin Inna?" Muka ce mu za mu karanta, kuma mun san wata mujalla da za mu kai. Ta karɓa ta sa a jaka, tare da kwalaben humrar da ta zo da su. Har zuwa ranar da muke wannan rubutu ba ta dawo da shi ba, mu kuma ba mu fid da rai ba.

Roƙonmu ga editocin wannan mujalla shi ne, in Allah Ya sa littafin nan ya dawo, ko da rubutun ya zo da kurakurai, a taimaka a gyara a ba shi fili. Ga 'yan uwa masu rubuta littafi da masu rubuta fim kuma, a daure a riƙa waiwayar matan da ke tsakar gidajenmu in za a gina tauraruwa, a kuma ba ta abin yi ko bayan ta haura shekara 40. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya sa albarka a alƙalumanmu, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, amin. Wassalam.